Yadda nake kwance tsohon zaɓen gwamna: New York, 1882

A hutun da ya wuce 'yar ƙanena, wadda ke aji biyu a jami'a tana karanta tarihi, ta same ni a zaure riƙe da wayarta. An ba su aiki, kowa ya ɗauki zaɓen wata jiha ta Amurka a ƙarni na 19 ya yi bayaninsa, ita kuma na New York na 1882 ne ya faɗo mata. Ta ce, "Baffa, ai wannan ba wani aiki a cikinsa. Wani ne ya yi wa wani mugun kaye, shi ke nan." Na ce ta karanto mini. Ta karanto: Grover Cleveland na jam'iyyar Dimokurat ƙuri'a 535,318, Charles Folger na Rifablikan 342,464, tazara 192,854. Na tambaye ta dalili. Ta ce mutane ne ke son Cleveland. Na ce ta shiga cikin gida ta ɗauko littafin rubutu da rula, ta dawo ta zauna.

Shekara ashirin da wani abu na yi ina koyar da tarihi a sakandare kafin in ajiye alli, kuma yadda na bi da ita a ranar haka nake bi da kowane tsohon zaɓe. Ga shi nan, ko wani zai amfana.

Kafin ka kalli sunan kowa, fara tambayar kujerun da ake nema a wannan ranar. Mu a nan mun saba da gwamna da mataimakinsa tikiti ɗaya, a zaɓe su tare, sannan gwamna ya naɗa kwamishinoninsa da antoni janar ɗinsa. Idan ka shiga New York ta wancan zamani da wannan tunani za ka ɓata. A ranar Talata 7 ga Nuwamba, 1882, kujeru huɗu ne duk faɗin jihar ke jefa wa ƙuri'a: gwamna, mataimakin gwamna, babban alƙalin kotun ɗaukaka ƙara, wadda ita ce ƙololuwar kotun jihar, da ɗan majalisar wakilai ta tarayya guda ɗaya wanda mazaɓarsa ita ce jihar gaba ɗaya. Kowace kujera ƙirgenta daban. Mataimaki ma ba a haɗa shi da gwamna, yana iya fitowa daga wata jam'iyya idan haka masu zaɓe suka ga dama. Shi kuwa wannan ɗan majalisa, asalinsa ƙidayar 1880 ce ta ƙara wa jihar kujera ɗaya, daga 33 zuwa 34, ba a kai ga sake shata mazaɓu ba, sai aka ce kowa ya zaɓe shi.

To ina antoni janar da ma'aji da sakataren jiha da mai binciken kuɗi? Su ma zaɓensu ake yi, amma ba a wannan shekarar ba. Wa'adinsu shekara biyu ne, an zaɓe su a 1881, za a sake a 1883. Wa'adin gwamna kuma a lokacin shekara uku ne. Saboda haka gwamna na iya hawa ya tarar da mutanen da bai naɗa ba, ba ya kuma iya korarsu don ya ga dama. Na sa ta rubuta waɗannan a shafin farko, kujera, wa'adi, da shekarar zaɓe. Minti goma ne, amma yana hana mutum yin abin kunya a gaba.

Daga nan sai waɗanda ke da ƙuri'a. Jihar tana da mutane miliyan biyar da ɗoriya a ƙidayar 1880, amma ƙuri'un gwamna duka ba su wuce dubu ɗari tara da 'yan kai ba. Mata ba sa zaɓe. A New York sai 1917 suka samu, a ƙasar baki ɗaya sai 1920. Baƙar fata maza sun daɗe ƙarƙashin wani sharaɗi da aka ɗora musu su kaɗai tun 1821, cewa sai wanda ya mallaki kadara ta dala 250, kuma gyaran tsarin mulkin Amurka na 15 a 1870 ne ya kawar da shi. Don haka duk inda hannunka ya so rubuta "jama'ar New York sun zaɓi wane", ka tuna maza ne 'yan shekara 21 zuwa sama.

Yadda ake jefa ƙuri'ar kanta shi ne wurin da na fi daɗewa da ita, domin duk sauran lissafin a kansa ya rataya. Ka cire hoton takardar nan tamu mai jerin alamomin jam'iyyu da ake dangwala wa yatsa a bayan labule. Babu ita. Hukuma ba ta buga takardar ƙuri'a. Kowace jam'iyya ce ke buga tata, 'yar siririyar takarda mai sunayen 'yan takararta kaɗai, ta raba wa yaranta su tsaya a bakin rumfa suna miƙa wa masu shigowa. Ka karɓa daga hannun wanda kake so, a gaban maƙwabcinka da mai gidan hayarka da wanda ya samo maka aiki, ka naɗe ka miƙa a jefa a akwati. Wanda yake son jam'iyyarsa amma ba ya son mutum ɗaya a cikin jerin, yana da dabara biyu. Ko dai ya sa alƙalami ya soke sunan, ya bar wurin haka, ko kuma ya liƙa wata 'yar takarda mai gam ɗauke da sunan wani a kan sunan da ya ƙi. 'Yan takara da kansu kan buga waɗannan 'yan liƙe su raba. Ka riƙe wannan maganar ta sokewa da liƙawa, za mu dawo kanta. Ƙuri'ar sirri irin wadda hukuma ke bugawa sai a 1888 jihar Massachusetts ta kafa dokarta, New York kuma ta biyo baya a 1890.

Yanzu aikin rula. Kada ka taɓa karanta zaɓe shi kaɗai. Sai ka jera shi da na gabansa, kamar yadda ba a sanin tsadar buhun masara sai an tuna kuɗinsa na bara. Na ce ta ja layi uku a tsaye. Layin farko zaɓen gwamna na 1879, na biyu zaɓen shugaban ƙasa na 1880 a cikin jihar, na uku namu na 1882.

A 1879 Alonzo Cornell na Rifablikan ya ci da ƙuri'a 418,567. Gwamna mai ci, Lucius Robinson na Dimokurat, ya samu 375,790. Akwai kuma mutum na uku, John Kelly, uban gidan Tammany Hall, ƙungiyar 'yan Dimokurat ta birnin New York, ɗan Dimokurat ne da ya yi fushi ya fito da kansa, ya kwashi 77,566. Na ce ta haɗa na Robinson da na Kelly. Ta haɗa, 453,356. Ta ɗago kai ta ce, "Ashe da ba su rabu ba da sun ci." Na ce rubuta wannan a gefe. A 1880 kuma James Garfield na Rifablikan ya samu 555,544 a jihar, Winfield Hancock na Dimokurat ya samu 534,511.

Sai na ce ta ɗebe na Hancock daga na Cleveland. Ta danna a waya, ta sake dannawa don tana zaton kuskure ta yi. 807. Mutumin da ake ta cewa ya yi kayen da ba a taɓa gani ba a jihar, ƙuri'a 807 kacal ya ɗara ɗan jam'iyyarsu da ya faɗi shekara biyu kafin nan. Da ta ɗebe na Folger daga na Garfield kuwa sai ga 213,080. Nan ramin yake. Tambayar ba ta ina Cleveland ya samo mutane ba ce, tambayar ita ce ina 'yan Rifablikan dubu ɗari biyu da wani abu suka shiga. Gaskiya ne zaɓen shugaban ƙasa ya fi jan jama'a, kowace jam'iyya kan ragu a shekarar da babu shi. Shi ya sa muka ajiye layin 1879, gwamna da gwamna: ko a nan Folger ya gaza Cornell da 76,103.

Da zarar lambobi sun nuna maka inda ciwon yake, can za ka nufa. Ni shawarata kullum ita ce a fara da gidan wanda ya faɗi. Wanda ya ci kowa ya rubuta tarihinsa, an wanke shi an shafa masa mai. Labarin yana wurin wanda ya sha ƙasa, kuma galibi yana cikin babban taron fid da gwani, domin a lokacin babu zaɓen fid da gwani na 'yan jam'iyya gaba ɗaya, wakilai ne ke taruwa a zaure ɗaya su tsayar da mutum.

Rifablikan ta New York gida biyu ce a shekarun nan. Akwai ɓangaren da ake kira Stalwarts, mutanen Sanata Roscoe Conkling, waɗanda siyasarsu ta ginu a kan rabon muƙamai ga magoya baya. Akwai waɗanda suke wa laƙabin raini da Half-Breeds, wato ruwa-biyu, masu bin James Blaine da Garfield. Babban abin da ake faɗa a kansa shi ne kujerar shugaban kwastan na tashar jiragen ruwan New York, inda mafi yawan kuɗin fiton ƙasar ke shigowa, ga kuma ɗaruruwan guraben aiki na rabawa. A 1881 Garfield, wanda ya zama shugaban ƙasa, ya ba William Robertson, abokin gabar Conkling, wannan kujera. Conkling da abokinsa Thomas Platt suka ajiye muƙamansu na sanata cikin fushi, da tunanin majalisar jiha za ta mayar da su don ta nuna wa shugaban ƙasa iyakarsa, tunda a zamanin majalisar jiha ce ke zaɓen sanatoci. Majalisa ta ƙi. Ana cikin wannan rikici wani mai suna Charles Guiteau, wanda ya nemi muƙami bai samu ba, ya harbi Garfield ranar 2 ga Yuli, ya yi jinya har ya rasu ranar 19 ga Satumba. Wanda ya gaje shi, Chester Arthur, ɗan New York ne, tsohon shugaban wannan kwastan ɗin, kuma yaron Conkling a siyasa.

To a wannan yanayi aka je taron Saratoga a Satumba 1882. Gwamna Cornell yana son zarcewa. Mutanen Arthur suka kawo Folger, wanda a lokacin shi ne sakataren baitulmalin Amurka, wato ministan kuɗi. A zaman kwamitin jam'iyya da ke tsara wanda zai jagoranci taron, wani na hannun daman Arthur ya fito da telegiram wai daga Robertson, cewa ya wakilta shi ya jefa ƙuri'a a madadinsa. Telegiram ɗin na jabu ne. Aka tsayar da Folger, aka ajiye gwamna mai ci, maganar jabun kuma ta fasu a jaridu. A nan ina son mai karatu ya yi adalci. Folger ba ɗan daba ba ne. Tsohon babban alƙalin jihar ne, mutum mai mutunci, kuma ba a kama hannunsa a cikin wannan aika-aika ba. Laifinsa shi ne da aka matsa masa ya janye ya ƙi. Ni a ganina tsautsayi ne ya sa shi hawa dokin da wasu suka sato. Wanda aka tsayar wa kujerar ɗan majalisar nan ta jiha baki ɗaya, Barton Hepburn, shi ya ƙi karɓa, sai da aka nemo wani.

Sai bayan ka gama da wannan za ka leƙa gidan wanda ya ci, kuma ba sai ka daɗe ba. Dimokurat sun yi nasu taron a Syracuse a satin. Manyan 'yan takara biyu ne, Roswell Flower, attajiri, da Janar Henry Slocum na Brooklyn, tsohon sojan yaƙin basasa. Suka riƙe wa juna wuya, aka rasa mai rinjaye, a zagaye na uku wakilai suka koma kan Cleveland. Wane ne shi? Lauya ne daga Buffalo, ya taɓa riƙe muƙamin sherif, wato babban jami'in tsaro, na gundumar Erie, kuma bai cika shekara ɗaya a kujerar magajin garin Buffalo ba. Sunan da ya yi, na ƙin sa hannu ne a kan kwangilolin da yake ganin an cusa kuɗi, musamman wata ta sharar tituna. Amfaninsa ga jam'iyya shi ne ba na kowa ba ne, bai daɗe ba balle ya tara maƙiya. Kelly da Tammany, waɗanda suka kayar da nasu a 1879, wannan karon sun tsaya a cikin jam'iyya. An ba Slocum takarar ɗan majalisa, David Hill magajin garin Elmira ya samu ta mataimaki.

Ta rufe littafi ta ce ta gane: 'yan Rifablikan sun yi fushi sun zauna a gida. Na ce buɗe, da saura. Wannan ne matakin da ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali ya fi kowane daɗi. Ka sauka ƙasa ka duba sauran kujerun da aka zaɓa a rana ɗaya, da mutane ɗaya, a rumfa ɗaya. A takarar babban alƙali, Charles Andrews na Rifablikan ya faɗi, amma ƙuri'unsa sun haura 400,000, kuma William Ruger na Dimokurat da ya kayar da shi bai kai 500,000 ba. Tazarar dubu saba'in da wani abu ce, ba ta kai rabin ta gwamna ba. Ka ga ke nan akwai mutum sama da dubu sittin da suka fito, suka zaɓi alƙalin Rifablikan, amma suka ƙi Folger. Ga alƙalami da gam ɗin nan sun dawo. Wasu sun soke sunansa sun bar wurin fayau, da yawa kuma sun liƙa Cleveland, tunda ya ɗara alƙalin jam'iyyarsa da dubu hamsin da 'yan kai. Wannan ya gyara mana lissafin farko. Ba wai mutanen Hancock ne suka sake fitowa cif-cif ba. Su ma Dimokurat sun ragu kamar yadda aka saba, 'yan Rifablikan masu fushi ne suka cike musu gurbin. Wato fushin kashi biyu ne, na waɗanda suka zauna a gida da na waɗanda suka taka har rumfa don su hukunta nasu. Da mun tsaya a 807 ɗin nan, da mun rubuta abu mai daɗin ji wanda rabinsa ne kawai gaskiya.

Wani abin lura, tazarar Hill a kujerar mataimaki ta ɗan fi ta Cleveland. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi taka-tsantsan da maganar farin jinin mutum ɗaya.

Idan kana da hali, bi sakamakon gunduma-gunduma. Gundumomi 60 ne a jihar a lokacin. Ka tuna Brooklyn birni ne mai zaman kansa, sai 1898 aka haɗe shi da New York, kada ka cakuɗa su. Abin nema shi ne gundumomin karkara na arewa da yammacin jihar, inda Rifablikan ke da ƙarfi tun zamanin yaƙin basasa: ka ga nawa suka bayar a 1880, nawa a 1882. Ka kuma kalli ƙananan jam'iyyu. Masu neman a haramta giya sun tsayar da Alphonso Hopkins, ya samu sama da ƙuri'a 25,000, kuma irin wannan rumfa ce mai fushin da ba ya iya zaɓen abokin gaba kan fake a ciki.

Game da jaridun zamanin, ana samun da yawa kyauta a intanet, a rumbun tsofaffin jaridu na ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka. Mun buɗe wasu a wayarta, rubutun ƙanana kamar tururuwa, shafi ɗaya sai an ja shi an faɗaɗa sau biyar. Abu biyu zan ce. Kusan kowace jarida tana da jam'iyya, ba ta kuma ɓoyewa, don haka ka san ta wace ce kafin ka yarda da ita. Abin da ya fi nauyi shi ne inda ka ga jaridar Rifablikan tana sukar ɗan takarar Rifablikan. Sannan lambobin da aka buga washegarin zaɓe ƙiyasi ne da aka tattaro ta telegiram, su kan canza. Ka jira na hukumar tattara sakamako ta jiha, wanda kan fito bayan makonni. Idan ka ga littattafai biyu sun saɓa da 'yan ɗaruruwa, yawanci daga nan ne, ba abin tayar da hankali ba ne. Ka zaɓi ɗaya ka faɗi wanda ka bi.

Ka ɗan ɗaga kai kuma ka dubi maƙwabta. A wannan shekarar Dimokurat sun karɓe majalisar wakilai ta tarayya, sun ci gwamna a Pennsylvania da Robert Pattison, sun ci a Massachusetts da Benjamin Butler. Iska ce ta kaɗa a ƙasar duka, New York ce dai ta fi jin ta saboda ɓarakar cikin gida. Wata biyu bayan zaɓen, a Janairu 1883, Arthur da kansa ya sa hannu a dokar Pendleton, wadda ta fara sa a ɗauki wasu ma'aikatan tarayya ta hanyar jarrabawa maimakon alfarmar ubangida.

Abu na ƙarshe da na hana ta shi ne karanta labari daga ƙarshensa. Mu mun san Cleveland ya zama shugaban ƙasa a zaɓen 1884, ya sauka daga gwamna a Janairu 1885 Hill ya hau, don haka hannu na ƙaiƙayin rubuta cewa tun 1882 an ga alama. Wanda ya tsaya a layi ran 7 ga Nuwamba bai san wannan ba, magajin garin Buffalo kawai ya sani, wataƙila ma a jarida ya fara jin sunansa wata biyu da suka wuce. Folger ya koma ofishinsa na baitulmali, ya rasu a Satumba 1884 yana kan muƙamin. Hill kuwa, da ya zama gwamna, ya ƙi sa hannu a dokar ƙuri'ar sirri a 1888 da 1889, sai a 1890 ya amince da wadda aka sassauta ta bar wa mutane 'yan liƙensu.

Da aka kira la'asar ta tashi tana tattara takardu, sai na ce ta ƙara layi na huɗu a teburin kafin ta tafi, na 1884, Cleveland da Blaine na Rifablikan a takarar shugaban ƙasa, a wannan jiha dai. Ta duba, ta yi shiru, ta ce, "Baffa, dubu ɗaya da 'yan kai?" Na ce haka ne, daga 192,854, cikin shekara biyu. Na ce ta bar mini littafin in duba, gobe ta zo da bayanin inda sauran suka koma.